Yadda za ka rage kuɗin inshorar mota ba tare da an sayar maka da takardar bogi ba

Da farko ka san cewa akwai farashin da ba a ciniki a kansa. Tun ranar 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora a Nijeriya ta mayar da inshorar da ake kira tad fati, wato wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, kuma tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Keke Napep 5,000 ne, babur 3,000. Duk wanda ya ce zai yi maka ta motar gida a dubu bakwai, takarda kawai zai buga maka.

A nan na ci ƙasa, shi ya sa zan daɗe a kai. Lokacin da zan sabunta takardun motata, wani yaro a bakin ofishin lasin ya ce: “Alhaji, kawo dubu takwas in haɗa maka har da inshora, ba sai ka bi layi ba.” Ya kawo takarda mai tambari da sa hannu, na cusa a aljihun gaban mota ina ta murnar na yi riba. Bayan wata biyar na bugi bayan motar wani bawan Allah a cunkoson yamma, na fasa masa fitila, na lotsa but. Na kira kamfanin da sunansa ke jikin takardar, suka duba suka ce ba su da wannan lamba. Fanel bita da fenti da fitila duk daga aljihuna suka fito, ga kunya. To kafin ka bar wurin da ka biya, ka danna *565*11# a wayarka, ko ka shiga askniid.org ka sa lambar motar. In bayanin inshorar da ranar ƙarewa ba su fito ba, ka karɓi kuɗinka tun mutumin bai ɓace ba. 'Yan sanda ma abin da suke dubawa ke nan tun da suka fara kame a watan Fabrairun 2025. Ni yanzu ba na biyan kowa a hannu, sai asusun kamfani kai tsaye.

Sai ka yanke shawarar irin wadda ta dace da motarka. Tsohuwar Golf ko Corolla da ta sha hanya, tad fati ta ishe ta, kada wani ya ruɗe ka. In sata ce ke damunka, tambayi kamfani ko suna da wadda ta haɗa tad fati da gobara da sata, ta fi cikakkiyar inshora, wato wadda ke biyan har gyaran taka motar, sauƙi nesa ba kusa ba.

In kuwa cikakkiyar za ka yi, ka sani doka ta ce ba za ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar ba, ko da an cire duk wani rangwame. Motar miliyan 8 ke nan naira 400,000 a shekara. Saboda haka wurin ragi shi ne darajar da aka rubuta. Mutane da yawa suna barin a ci gaba da sabunta masu a kan tsohon adadi ba tare da sun duba ba. Je wurin dillalan mota biyu ko uku ka ji nawa irin taka take yau, a rubuta wannan. Amma kada wayo ya sa ka rubuta miliyan 4 a motar miliyan 8: ranar hatsari rabin kuɗin gyara za su ba ka, domin rabin mota ka yi wa inshora.

Daga nan ka nemi farashi a kamfanoni uku. In wani ya sa maka kashi 6 ko 7, nuna masa shaidar cewa ba ka nemi diyya bara ba, da cewa ka sa na'urar bibiyar mota, ka ce ya sauko zuwa biyar. Ka kuma yarda ka ɗauki nauyin ƙananan gyare-gyare da kanka, wannan ma yana sa su sauko. Madubin da ɗan acaɓa ya karya, ka gyara abinka, kada ka ɓata tarihinka a kan dubu goma.

Ni dai na fi son takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Ban da kwanciyar hankali ta fuskar addini, in an samu rarar kuɗi a asusun a ƙarshen shekara ana raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba. Mai mota biyu ko uku ya kai su kamfani ɗaya ya nemi ragi. In kana haya da motar ka faɗa tun farko, don in ka rubuta ta gida ce ba za su biya ba. Ranar ƙarewa kuma ka sa ta a waya.