Yadda na zare banatin da ya maƙale a kube

Alhamdulillahi, banatin nan ya fito lafiya. Na Jamus ne, samfurin S84/98 da ake ɗaurawa a bakin bindigar K98k lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Lambar jikin wuƙar da ta kuben iri ɗaya ce, kuma wannan ne ke ɗaga darajarsa a wurin masu tara kayan soja, shi ya sa ban yarda a yanka kuben ba.

Da farko na ɗauka tsatsa ce ta kama shi. Na zuba man inji, shiru. Na ja da ƙarfi, ko motsi bai yi ba.

Ashe tsohon giris ne ya bushe ya daskare a kan siraran ƙarafan da ke matse wuƙar a cikin kuben. Na tsayar da shi ƙota sama, na riƙa ɗiga kananzir a bakin kuben, na bar shi ya kwana. Da safe na goge kananzir ɗin da ke waje tas, na ɗumama kuben da na'urar busar da gashi har ya yi zafin da hannu zai iya riƙewa. Wuta kam kada ma a kusanto da ita. Sai na naɗe kuben da tsumma, na ɗora guntun katako a kan ƙarfen da ke kare hannu, na bubbuga a hankali, gefe da gefe. Ya zamo waje, baƙin giris na bin sa kamar kwalta.

Ɗigon tsatsar da na tarar, soson ƙarfe mai lamba 0000, wato mai laushi sosai, da mai na sa, ban taɓa shi da sanfefa ba don kada baƙin launinsa na asali ya tafi.