Yadda ake horar da renon tumatir kafin dashe

Duk shekara idan noman rani ya kankama a jihar Tawa, za ka ga sabon mai garka, a bakin tabkin Tabalak ko a kwarin Majiya, ya yi reno kore shar, dogo, mai ban sha'awa. Ya dasa, bayan kwana uku rabi ya kwanta, wanda ya tsira kuma tsutsa ta fara huda shi. Sai ya ɗora laifi kan mai sayar da iri. Galibi ɓarnar ta faru ne a kwana goma na ƙarshe kafin dashe, lokacin da aka ci gaba da shagwaɓa renon da ruwa da inuwa da taki har ranar tuge shi. Gyaran fangali da zuba iri kowa ya iya, don haka a kan waɗannan kwanaki goma zan tsaya.

Shuka tana da nata tsaro, amma sai an tashe shi. A cikin kowane ganye akwai siraran tantani na maiƙo da suke kewaye ƙwayoyin halitta. Idan tsutsa ta ciji ganye, cikin mintuna kaɗan shukar kan yanko wani maiƙo daga tantanin sashen da koren ganye yake, ta juya shi zuwa wani homon, wato sinadarin da shuka take aika saƙo da shi a cikin jikinta, mai suna jasmonat. Shi yake sa ganyaye, har waɗanda ba a ciza ba, su haɗa sinadarai masu hana cikin tsutsa narkar da abin da ta ci. A jikin tumatir da dankalin turawa aka fara gano wannan martani a 1972, a jami'ar jihar Washington ta Amurka, kuma a 1990 masana na jami'ar suka nuna cewa wani nau'in jasmonat yana iya bin iska ya tashi tsaron tumatir. Wannan warin ɗanyen ganye da kake ji in ka murje shi ma daga maiƙon nan yake fitowa. Ƙishirwa kuwa wani homon take tayarwa, absisik, wanda yake rufe ƙananan ƙofofin numfashi na ganye don kada ruwa ya tsere. Renon da bai taɓa jin ƙishi ba yana jinkirin rufe su, shi ya sa rana ɗaya ta Tawa take gamawa da shi.

Ka fara idan reno ya yi kamar sati uku, yana da ganyen gaske uku ko huɗu. Abu na farko, ka daina ba shi takin ure, ko ƙwaya ɗaya. Ure yana sa ganye ya yi laushi da ruwa-ruwa, irin wanda ƙwari suke so, kuma kuɗinsa ya fi amfani bayan dashe ya kama. Sa'annan ka riƙa janye rumfar da ka yi masa, ta kara ce ko ta tsohon gidan sauro. Kwana biyun farko ka buɗe da hantsi kawai, daga nan ka ƙara har azahar, zuwa kwana na shida ya wuni a rana. In hunturu ya taso da ƙarfi, ka bar zana a gefen da iska take bugowa.

Sai maganar ruwa, inda kusan kowa yake faɗuwa. Wasu sun ji an ce a rage ruwa, sai su yanke shi gaba ɗaya kwana huɗu ko biyar, reno ya bushe, ƙananan saiwoyi su mutu. Wannan kisa ne. Abin da ake nema ƙishi ne ɗan kaɗan mai zuwa yana wucewa, domin kowane zuwansa yana ɗaga absisik, wani ɗan maiƙo da aka yanko daga tantani ya taimaka wajen isar da saƙon rufe ƙofofin, fatar ganye kuma ta ƙara kaurin kakin da yake tare ruwa. In kana ban ruwa safe da yamma, ka koma safe kawai na kwana uku. Bayan haka ka fara tsallake rana, amma da sharaɗi: ƙasarka ce za ta faɗa maka, kada ka bi lissafin maƙwabci. Ƙasa mai yashi tana bushewa cikin wuni, laka ta fadama tana riƙe danshi kwanaki. Ka tura yatsa har gaɓa ta biyu, in ka ji sanyin danshi ka ƙyale shi. Ka kuma duba renon sau biyu. Da azahar, in ganye ya ɗan sunkuya, babu komai, haka ake so. Da asuba kuwa dole ka same shi a miƙe. In gari ya waye yana nan a langaɓe, ka wuce gona da iri, ka ba shi ruwa nan take ka koma ban ruwan kullum na kwana biyu kafin ka sake gwadawa. Kuma ranar da za ka ba shi, ka ba shi ya ƙoshi har ƙasa. Yayyafi a sama-sama yana tsayar da saiwa a fuskar ƙasa, inda rana take fara ƙonawa.

Akwai wani aiki da mutane suke yi wa dariya, ni kuwa ba na barin a tsallake shi: shafa. Da karan dawa mai santsi ko bayan hannu, ka bi kan renon a hankali, kai da komowa kamar sau goma, safe da yamma. Shuka tana jin taɓawa, takan rage tsawo ta ƙara kaurin kara, kuma jasmonat yana cikin masu ɗaukar wannan saƙo. Sai ganye ya bushe da raɓa tukuna, domin jiƙaƙƙen ganye cuta yake yaɗawa. Mai shan taba ko mai cin ta ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa, don cutar da take sa ganyen taba dabbare-dabbare tana kama tumatir ta hannu. Kada kuma wani ya ce tunda rauni yana tashin tsaro bari ya yayyage ganye. Tsaro yana cin ƙarfin shuka, wadda ta shagala da shi girmanta tsayawa yake.

Na san ana yaɗa dabarar fesa wa shuka asfirin don ƙara mata juriya a WhatsApp. Tana da tushe, domin asfirin dangin salisilik ne, homon da shuka take amfani da shi a kan wasu cututtuka, kuma tun 1979 aka nuna yana ƙara wa ganyen taba juriya. Sai dai salisilik da jasmonat kamar kishiyoyi suke, in ɗaya ya samu fada ɗayan yakan ja baya. Wanda tsutsa take damu ya fesa asfirin, ya raunana abin da yake kare shi daga tsutsar, in ya cika yawa kuma ganye ya ƙone. Ni ban yarda da shi a kan reno ba.

Zuwa kwana na goma za ka ga renon ya yi gajere, karansa ya yi kauri, korensa ya yi duhu. Daren jajibirin dashe ka jiƙa fangalin sosai don ya tugu da ƙasarsa. Ka dasa bayan la'asar, ka zurfafa har kusa da ganyen farko, ka danne, ka ba da ruwa nan take. Wanda ya yi siriri ko ganyensa ya murɗe ka jefar, kada ka ji tausayinsa. Taki sai bayan kamar sati biyu, in ka ga sabon ganye ya fito a tsakiya.