Yadda dillali zai tallata gida har ya samu mai saye

Akwai gidan da ake kafa wa allon "na sayarwa" ranar Litinin, kafin wata Litinin ta zagayo an yi masa tayi uku. Akwai kuma wanda allonsa zai sha rana da ruwa har rubutun ya koɗe, ba wanda ya tsaya ya yi tambaya. Sau da yawa ginin iri ɗaya ne, unguwar ma ɗaya ce. Abin da ya raba su shi ne aikin da dillali ya yi kafin ya buɗe baki ya fara talla. Na daɗe ina wannan sana'a, kuma abin da na fi so sabon dillali ya riƙe shi ne, mai saye ya tarar da gidan kamar yadda ka nuna masa, a kan farashin da zai iya karewa a gaban kowa. Ga yadda nake bi.

Mataki na farko: ka san gidan ciki da waje

Kada ka tallata gidan da ba ka taka da ƙafarka ba. Ka je da abin awo da littafi. Ka auna kowane ɗaki, ka murɗa kowane famfo ka ga ƙarfin ruwan, ka kunna fitilu, ka ɗaga kai ka dubi silin ko akwai taswirar yoyo, ka shafa gindin bango da tafin hannu don jin danshi. Ka buɗe tagogi ka saurari abin da ke shigowa daga titi. Ka tambayi shekarar da aka yi ginin da lokacin da aka taɓa rufin.

Sai takardu. Sunan wa ke kan shaidar mallaka? Shi ne mutumin da ke gabanka, ko wakili ne? In wakili ne, ina takardar wakilcin? In gidan na mutane da yawa ne, duk sun amince a sayar? Akwai bashin banki ko jingina a kansa? Ciniki da yawa sun faɗa har an yi musabaha, sannan suka warware a kan tambayar da ya kamata a yi tun ranar farko.

Daga nan ku rubuta yarjejeniya kai da mai gida: nawa ce la'adarka, wa zai biya ta, tsawon wane lokaci aka ba ka, wa zai ɗauki kuɗin talla. Ina ba da shawarar ka nemi a bar maka gidan kai kaɗai na wani ƙayyadadden lokaci, ko da wata uku ne. In gida ɗaya ya shiga hannun dillalai biyar, kowa ya sa nasa farashin, mai saye zai ga tallace-tallace biyar masu karo da juna, ya ce akwai lauje cikin naɗi, ya wuce.

Mataki na biyu: farashi

A nan ake cin kasuwa, a nan kuma ake faɗuwa, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Mai gida yana lissafi da abin da ya kashe, da wahalar da ya sha, da abin da yake son yi da kuɗin. Mai saye kuwa ba ruwansa da wannan duka. Yana kwatanta gidan ne da sauran gidajen da ya gani a makon nan. Aikinka shi ne ka kawo mai gida inda kasuwa take. Ka nemo gidaje uku zuwa biyar makusanta, masu kama da wannan a girman fili, yawan ɗakuna da shekarun gini, waɗanda aka riga aka sayar cikin watanni shida da suka wuce. Ka lura da kalmar: waɗanda aka sayar. Farashin da ake nema a allo buri ne kawai, wanda aka biya shi ne hujja. Sannan ka ƙara ko ka rage gwargwadon bambanci: wancan yana da sabon rufi, wannan ba shi da shi, wannan yana kan kwana, wancan yana ƙurya.

Wata dabara da nake so ka ɗauka: ka yi naka ƙiyasin kafin ka ji abin da mai gida yake nema. A 1987 wasu masu bincike biyu, Gregory Northcraft da Margaret Neale, sun kai ƙwararrun dillalai wani gida a birnin Tucson na jihar Arizona a Amurka. Gida ɗaya suka zagaya, bayanai iri ɗaya aka ba su, sai dai an canza farashin da aka ce mai gida na nema. Waɗanda aka nuna wa farashi mai tsada suka yi ƙiyasi mai tsada, waɗanda aka nuna wa mai sauƙi suka yi ƙasa, kuma akasarinsu ba su yarda cewa lambar farko ta ja ra'ayinsu ba. In ƙwararru za su faɗa wannan tarkon, ni da kai ma za mu faɗa. Ka rubuta lambarka a littafi tukuna, sannan ka tambaye shi tasa.

Na taɓa karɓar wani gida a kan farashin da na san ya zarce kasuwa, don ina jin nauyin mai gidan kuma ina tsoron kada ya kai wa wani. Ya ce mu gwada, in bai tafi ba sai mu rage. Makonni biyun farko, lokacin da masu neman gida da gaske suke rububin ganin sabon abu, suka wuce ba kira ko ɗaya mai ma'ana. Muka rage, muka sake ragewa. Zuwa wata na biyar, duk wanda ya kira tambayarsa ɗaya ce: "Me ke damun gidan nan da har yanzu bai tafi ba?" Babu abin da ke damunsa. Kwantai ne ya ɓata masa suna. A ƙarshe an sallama shi ƙasa da abin da na rubuta a littafina ranar farko. Har yau ina jin zafin asarar da mutumin ya yi, domin da na tsaya na gaya masa gaskiya da hujja a hannu, da bai yi ta ba.

Mataki na uku: a gyara shi

Ko kana da kyau ka ƙara da wanka. Ba sai an kashe kuɗi mai yawa ba. A share, a wanke tagogi, a canza ƙwan fitilar da ya mutu, a ɗaure famfon da ke ɗiga, a sa wa ƙofar da ke ƙara mai. A rage kaya, domin ɗaki mai cunkoso ƙarami yake zama a ido. A sauke hotunan iyali daga bango don mai saye ya iya hango nasa iyalin a wurin. Bakin ƙofa ya fi ko'ina muhimmanci, shi ake fara gani. Fenti mai haske yana taimakawa ƙwarai, amma kada a shafa shi don rufe danshi ko tsagewar bango. Ruwan farko zai tona asiri, kuma sunanka ne zai jiƙe.

Mataki na huɗu: hoto

Yau mai saye yana fara shiga gidan ne ta fuskar wayarsa, yana murza ta da yatsa. Hoton farko ne zai sa ya tsaya ko ya wuce.

In da hali, ka ɗauki mai hoto wanda ya saba da gine-gine. In da waya za ka ɗauka, fara da goge gilashin kyamarar da gefen riga. Wannan kaɗai yana kawar da hazon da ke ɓata hotuna da yawa. Ka je da rana, ka yaye labule, ka kunna fitilu. Ka tsaya a kusurwar ɗaki ko a bakin ƙofa, wayar a kwance, daidai ƙirjinka, kada ka karkatar da ita sama ko ƙasa. Ka kunna layukan saiti na kyamara ka daidaita su da gefen ƙofa, don bango ya fito a miƙe. Gaban gidan da ke kallon gabas da safe ake ɗaukarsa, mai kallon yamma kuma da la'asar, rana tana bayanka. A kicin ka kwashe komai daga kan teburin girki. A banɗaki ka rufe murfin masai, ka cire tawul da bokiti, ka kauce kada ka fito a madubi.

Ka yi hattara da idon kyamara mai faɗi, wanda ake rubuta 0.5 a wayoyi da yawa. Yana mai da ɗan ƙaramin ɗaki kamar fili. Za ka samu kira da yawa, amma duk wanda ya shigo zai ji an rage masa wani abu, kuma mutumin da ya ji an yaudare shi tun a bakin ƙofa ba ya tayi.

Hotuna 15 zuwa 20 sun isa. Ka jera su yadda mutum zai zagaya: gaba, falo, kicin, ɗakuna, banɗaki, baya. Ka haɗa da bidiyon minti ɗaya ko biyu kana tafiya a hankali, da zanen tsarin gidan mai ɗauke da awon kowane ɗaki. Zanen nan yana amsa tambayoyin da hoto ba ya amsawa, kamar ko ɗakin yara yana kusa da na iyaye.

Mataki na biyar: rubutun talla

"Katafaren gida na alfarma, kada ka bari ya wuce ka." Kowa haka yake rubutawa, shi ya sa ba wanda ke karantawa. Ka faɗi abin da ake iya aunawa: yawan ɗakuna da banɗakuna, girman fili, inda ruwa da wuta suke fitowa, wurin ajiye mota nawa, mintuna nawa zuwa makaranta, asibiti ko babban titi, irin takardar mallaka. Ka fara da abu ɗaya da wannan gidan ya fi maƙwabtansa, ko falon da hasken safe ke cikawa ne, ko bishiyar da ke ba da inuwa a baya. Ka sa farashi. Ɓoye shi yana korar mai saye na gaske, ya bar ka da masu tambaya don sha'awa. In akwai aibi babba, ka ambace shi da kanka. In mai saye ne ya gano, sai ya fara zargin duk sauran maganarka.

Ka siffanta gidan, ka bar siffanta irin mutumin da kake so ya saya. A Amurka dokar gidaje ta 1968 ta haramta tallan da ke nuna fifiko ko wariya saboda launin fata, addini ko asali, kuma ƙasashe da dama suna da dokoki irin wannan.

Mataki na shida: ka kai tallan inda masu saye suke

Ka tambayi kanka wa gidan nan zai dace da shi, sababbin ma'aurata, babban iyali ko mai neman abin haya, sai ka bi su inda suke. Kusan kowace ƙasa tana da manyan shafukan tallan gidaje, kamar Zillow a Amurka ko Rightmove a Birtaniya. Ka fara da wanda ake amfani da shi a inda kake. Sai Facebook Marketplace da zaurukan unguwanni, sai gajeren bidiyo a Instagram ko TikTok. Abin da ka ɗora a "status" na WhatsApp awa 24 kawai yake yi, don haka ka riƙa sabuntawa, kuma in za ka tura wa mutum hotuna ka zaɓi babban inganci don kada su dusashe. Ka sa komai ya fito rana ɗaya, kada ka riƙa ɗiga shi kaɗan-kaɗan.

Kada ka raina tsofaffin hanyoyi. Allo mai tsabta da lambar waya da ake iya karantawa daga cikin mota yana aiki dare da rana. Maƙwabta ma ka sanar da su, domin sau da yawa suna da ɗan'uwa ko aboki da yake son dawowa kusa. Sannan littafinka: duk wanda ya taɓa neman gida a wajenka bai samu ba, shi za ka fara kira. In gidan akwai mutane a ciki, kada ka wallafa cikakken adireshi. Ka ba da shi ga wanda ka yi magana da shi ka san ko wane ne.

Mataki na bakwai: kira, zagaye da tayi

Ka amsa da wuri. Mai neman gida ba kai kaɗai ya tuntuɓa ba. A kiran farko ka ji abin da yake nema, yaushe yake son tarewa, kuɗi a hannu ne ko rancen banki, kuma da wa zai yi shawara. In akwai wanda sai da yardarsa za a saya, ka nemi su zo tare.

Ranar zagaye ka riga su isa da rabin awa, ka buɗe tagogi iska ta shiga. Ya fi kyau mai gida ya ba da wuri, domin mutane ba sa sakin jiki su buɗe kabad ko su faɗi abin da bai yi musu ba yana tsaye. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma: ka tare su da fara'a, ka bar su su shiga ɗaki kafin kai, kuma ka rage magana. In ka ga mutum ya tsaya a taga ya yi shiru, ko ya fara cewa ga inda gado zai zauna, kada ka katse shi. Abin da ba ka sani ba ka ce za ka bincika, kuma ka bincika ɗin. Washegari ka kira ka ji ra'ayinsu, ka rubuta shi yadda suka faɗa.

Duk tayin da aka yi, komai ƙanƙantarsa, ka kai wa mai gida. Shi ke da hakkin cewa albarka ko na sallama.

In mako uku ya wuce shiru, ka buɗe littafinka ka duba inda abin ya tsaya. In ba a kira kwata-kwata, hoton farko ne ko farashi. In ana kira amma ba a zuwa, akwai abin da ke cikin bayanin ko wurin da ke sanyaya musu gwiwa. In ana zuwa ana tafiya ba tayi, to ko gidan bai kai hotonsa ba, ko kuɗin ya fi ƙarfin abin da suka gani. Ka ɗauki littafin ka je wurin mai gida, ka nuna masa mutum nawa suka kira, nawa suka zo, da abin da kowannensu ya ce, sannan ku yanke shawara a zaman nan: a gyara abin da aka yi ta ambata, ko a rage farashi sau ɗaya, ragin da za a ji a jika.