Yadda mai juna biyu za ta kwashe kashin mage lafiya

Ƙwayar cuta mai suna Toxoplasma gondii tana fita a kashin mage. Idan mace ta kamu da ita karon farko tana da ciki, ƙwayar takan iya ratsa mabiyiya ta taɓa idon jariri ko ƙwaƙwalwarsa, ita kuwa uwar sau da yawa ba ta jin komai.

1. In akwai wanda zai karɓe ki, bar masa aikin. Wannan ya fi komai.

2. In ba kowa, ki sa safar hannu ta roba kafin ki taɓa mazubin da magen take kashi a ciki.

3. Ki kwashe kullum, kada ki bari ya kwana biyu. Dalili kuwa, ƙwayar ba ta iya kama mutum da zarar ta fito, sai ta yi kwana 1 zuwa 5 tana nuna. Wadda take kwashewa kowace safiya ta riga ta. Ki zuba a leda, ki ɗaure bakin, kada ki kaɗe busasshen kashi ƙura ta tashi.

4. Ki wanke mazubin da tafasasshen ruwa.

5. Ki cire safar, ki wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, har ƙarƙashin farce, kafin ki taɓa baki ko abinci.

Magen ma ki daina ba ta ɗanyen nama, domin ta nan take ɗaukar ƙwayar, ko ta cin ɓera.