Darasi Na 9: Ƙirga Taku Kafin Ka Harba

Karanta a hankali. Kalmar da ta gagare ka, ɗora yatsa a kanta, ka sake. Ba gudu muke ba.

Wasunku mafarauta ne, gado kuka yi. Makon jiya wani a ajin nan ya nuna mini bidiyo a wayarsa: Bature a Amurka ya kwanta da bindiga mai madubi, ya kayar da dabba daga can ƙetaren kwari. Ya ce shi ma zai gwada. Saboda shi na rubuta darasin nan.

Harsashi ba ya tafiya sak. Da ya bar bakin bindiga yake fara sunkuyawa ƙasa, iska kuma tana tura shi gefe. Inda ake so ya shiga, wato bayan kafaɗar gaba, wurin zuciya da huhu, a jikin barewa bai kai faɗin faifai ba. Ka kuskure nan, sai ka fasa mata ciki ko ka karya ƙafa. Ta gudu da ciwo, ta mutu a kurmi bayan kwana biyu, ta zama mushe. Annabi (SAW) ya umarce mu da kyautata kisa da kyautata yanka.

To, ga aikin. A bayan gari, nesa da mutane da dabbobi, jingina faifai a jikin tudun ƙasa. Ja da baya taku 20. Ƙirga da baki: ɗaya, biyu, uku. Harba sau biyar. Duka sun shiga faifai? Ƙara taku 10, ka ƙirga. Inda ka fara kuskure, koma na baya. Nan ne iyakarka.

A ƙirgar nan kuke faɗuwa. Ido maƙaryaci ne. Na tambayi wani dattijo nisan bishiyar darbejiyar da ke bakin makarantarmu, ya ce taku 30. Muka taka tare, 52 muka samu. Bai ji daɗi ba, amma ya koya. Kai ma ka yi haka kullum: zaɓi bishiya, faɗi nisanta, sannan ka taka. Gobe ka sake. Don kwatance, filin ƙwallo na Ƙofar Mata a Kano ya ɗan haura mita 100 a tsawo. Bindiga mai baki biyu kuwa, da ta wuce mita 40 ƙwayoyinta sun fara watsewa sosai, balle adaka.

Sau uku ke nan ina faɗa, har yanzu akwai mai cewa, "Malam, ni da ido nake ganewa." Baba, da girmanka, ba ka ganewa. Ka taka, ka ƙirga. In dabba ta wuce iyakarka, lallaɓa ka matsa kusa, iska tana bugun fuskarka don kada ta ji warinka. In ba hali, bar ta.

Darasi Na 10: Bayan Harbi

Yi bisimilla lokacin harbi. In ka same ta da rai, yanka nan take. In ta gudu, bi sawun jini.

Darasi Na 11: Doka

Bindiga sai da lasisi. Ba a farauta a gandun dajin Falgore.

Aikin gida: rubuta 20, 30, 40 a littafinka.