Yadda Ake Barin Baiti a Rataye a Kan Fiyano

Masu kiɗan biki a birnin Omdurman na Sudan sun yi ta tambayar yadda ake barin baiti a rataye, wato a hana shi sauka inda kunne ke jira. Ga matakan a ma'aunin C, wato jerin sautukan da ke farawa daga C (haruffan sunayen maɓallan fiyano ne):

1. Danna C-E-G tare, ƙirga bugu huɗu.
2. Koma F-A-C, huɗu.
3. Danna G-B-D-F. Nan kunne ke jiran C.
4. Hana shi: hannun hagu ya hau daga G zuwa A.
5. Hannun dama ya kama C-E, wato B ya hau C, F ya sauko E.

Hattara: kada duk yatsu su hau tare, sautin zai fito fanko.

6. Riƙe bugu huɗu, mawaƙi ya shigo.

In waƙar mai sauti biyar ce irin ta Sudan, B da F na karo da murya. A mataki na 3 danna G-C-D.