Yadda za ka zaɓi ƙaramin babur na kwalta da daji, da abin da za ka fara canzawa a jikinsa

Da wuya mako ya wuce wani saurayi bai same ni a garejin da nake zama a Jekadafari ba, tambayar kuma ɗaya ce: "Kawu, tsakanin wannan da wancan wanne ya fi gudu?" Da na ji haka sai na san kuɗinsa na cikin haɗari. Na yi shekaru ina zaga ƙauyukan Gombe a kan babur wajen aikin malamin gona, kuma ban taɓa kwana a hanya don babur ɗina ba ya gudu ba. Abin da ke tsayar da mutum a daji shi ne taya da ta nutse a rairayi, ko cikin inji da ya daki dutse, ko ƙura da ta shiga inda bai kamata ba. A kan waɗannan za ka yi kwatancenka.

Kafin ka leƙa shagon kowa, zauna ka lissafa hanyoyin da kake bi a wata. Ƙasar jihar nan ba iri ɗaya ba ce. Wanda ke zuwa ƙauyukan Dukku da Nafada da rairayi yake fama. Na Tula da bayan Kaltungo, hawa da duwatsu. Na fadamun Dadin Kowa da Deba kuwa, da damina baƙar laka ce mai cika madigadi har taya ta daina juyawa. In ka ga tafiya takwas cikin goma kwalta ce da burji, kuma kana ɗaukar goyo da buhu, to ka sayi Bajaj Boxer 150 ko TVS HLX, ka huta. Kayansu na ko'ina, kowane bakanike ya san cikinsu. Sauran bayanin na wanda dajinsa ya fi kwaltarsa yawa ne.

Mataki na gaba, tafi da tef ɗin awo a aljihu. Mutane na yi mini dariya a kan wannan, amma shi ke raba gardama. Injin Honda XR150L cc 149 ne, na Boxer 150 kuma kusan 145, ƙarfinsu duka yana wajen doki 12. Ke nan a inji kusan kunnen doki suke. Bambancin yana ƙasa. Boxer ƙafafunsa inci 17 ne gaba da baya. XR150L inci 19 ne a gaba, 17 a baya. Yamaha XTZ125, duk da injinsa cc 124 ne kacal, yana da 21 a gaba, 18 a baya. Babbar ƙafa tana haye rami da tushen itace, ƙarama kuwa faɗawa take ciki ta girgiza maka kafaɗu. Sannan ka auna daga ƙasa zuwa cikin inji: XR da XTZ sun haura santimita 24, baburan acaɓa ba su cika kaiwa 20 ba. Wannan 'yar tazarar ita ce tsakanin ka tsallake kwazazzabo lafiya da ka fasa murfin inji baƙin mai ya tsiyaye a inda babu kowa.

Tsayin nan yana da farashinsa. Kujerar XR da ta XTZ sun wuce santimita 80 daga ƙasa. Hau ka gani, in ba ka iya dafa ƙasa da tafin ƙafa ɗaya sosai, a rairayi za ka riƙa faɗuwa. Kuma ka roƙi mai shi ya bari ka kwantar da babur ɗin a hankali ka ɗaga shi kai kaɗai. XR150L yana wajen kilo 130, XTZ125 ya fi shi sauƙi. Wanda ka kasa ɗagawa a tsakar gari da safe, ba za ka ɗaga shi a cikin laka da yamma bayan ka gaji ba. Ni a rairayi XTZ nake zaɓa ko da yaushe. In tafiyar ta haɗa da doguwar kwalta, kamar Gombe zuwa Bauchi, XR ya fi shi numfashi.

Akwai Yamaha AG200, wanda ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyin agaji suka daɗe suna shiga ƙauyuka da shi, kuma yakan fito a gwanjo. Injinsa cc 196, sarƙarsa a rufe take ruf cikin akwati, yana da kariyar ɗaukar kaya gaba da baya, da jaki a kowane gefe. Giyarsa ta ɗaya gajera ce ƙwarai, za ka iya bin garken shanu da ita ba tare da ka ƙona kuloci ba. A kwalta ba shi da sauri, ba a kuma yi shi don haka ba. In ka samu mai lafiya, kada ka yi dogon ciniki. Tsofaffin DT125 da DT175 masu haɗa mai da baƙin mai suna da zafin tashi, amma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 ba na ba mai neman abinci shawarar ya saye su, shan mansu ya yi yawa.

In kuɗinka na 'yan Sin ne, waɗanda ake rubuta wa 200 ko 250 da manyan baƙaƙe a tanki, kada ka karanta tanki. Durƙusa ta hagu ka karanta lambar da aka buga a jikin inji. Za ka ga wani abu kamar 162FMJ ko 163FML. Harafin ƙarshe shi ne girman injin: I na nufin 125, J 150, K 175, L 200, M kuma 250. Na sha ganin tanki na cewa 200, inji na cewa J. Da yawa daga cikin injinan nan kwaikwayon CG ne da Honda ta fitar a 1975, mai tura bawul da sanda maimakon sarƙar taimin. Yana da ƙara da jijjiga in an matsa masa, amma yana jure wahala, kuma gyaransa ba ya wahalar da bakaniken ƙauye.

Wajen gwaji, ka iso da sassafe inji na sanyi, ka taɓa shi da hannu ka tabbatar ba a riga an ɗumama maka shi ba. Manta da mita. Ɗauki goyo mai nauyi, nemi hawa, ka sa giya ta biyu ka tafi a hankali kamar mai tafiya da ƙafa, sannan ka murɗa totur. Babur mai amfani a daji zai ja ba tare da shaƙewa ba. In na hannu ne, kama tayar baya ka girgiza ta gefe da gefe, ka bi sifok ɗin da ƙarfe kana ƙwanƙwasawa, wanda ya saki ƙararsa daban take. Kafin ka biya kuma, ka tambayi masu kayan gyara a Kumo ko Bajoga ko suna da wayar kuloci da takalmin birki da ringin irinsa. Abin da sai an aiko maka daga Kano ko Legas zai ajiye ka mako guda ba aiki.

To, ka saya. Yanzu maganar canje-canje, inda yawancin yara ke lalata sabon abu.

Fara da taya. Mai manyan ƙuraje a baya, matsakaiciya a gaba, da tub mai kauri. Wannan kaɗai ya fi duk wani abin da za ka yi wa inji tasiri. Ka sayi ɗan gejin iska naka na kanka, don masu faci da yatsa suke aunawa, kuma kullum cikawa suke ta yi tauri kamar dutse. Ni a kwalta ina barin gaba wajen 25, baya 29, a ma'aunin PSI na gejin. In zan shiga rairayi sai in rage zuwa 18. Kada ka sauka ƙasa da 15, taya za ta zame a kan rim ta tsinke bakin tub.

Sai farantan sarƙa, masu haƙoran nan na gaba da na baya. Lissafin ba wuya: raba haƙoran baya da na gaba. In kana da 14 a gaba da 42 a baya, 3 ke nan daidai. Ka mayar da na baya 45, ya zama kusan 3.2, wato ja ya ƙaru da kamar kashi 7 cikin ɗari, gudu kuma ya ragu da kwatankwacin haka. Mai kaiwa 90 zai tsaya wajen 84. Rage haƙori ɗaya a gaba daidai yake da ƙara kusan uku a baya, kuma ya fi araha, sai dai ƙaramin faranti yana saurin cinye sarƙa. Haƙora uku sun isa mai hawan Tula. Wanda ya ƙara takwas ko goma, injinsa zai yi ta kururuwa a kwalta yana zafi a banza. Kuma dokata ce: sarƙa da farantai biyu tare ake canza su. Tsohuwar sarƙa a kan sabon faranti cikin 'yan makonni take lanƙwasa haƙoran. Yawancin ƙananan baburan nan sarƙa mai lamba 428 suke sha. In za ka ɗaure, sa wani ya zauna a kai tukuna, ka bar sassauci kamar yatsa biyu, don babur mai dogon shok yana ƙara jan sarƙa in ya nutsa.

Daga nan ka tsaya. Abin da ke biye shi ne ya taɓa ci mini inji, kuma shi nake gani ana maimaitawa kowace shekara.

Ina da wani 200 a lokacin, lafiyarsa ƙalau. Na ji ana cewa akwatin iska yana shaƙe inji, sai na cire shi gaba ɗaya na ɗaura 'yar matatar nan mai siffar mazurari a bakin kafireta, na kuma sa aka huda salansa. Ƙara ta ƙaru, ni kuma na ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru. Farkon hunturu ne, ina zirga-zirga tsakanin Gombe da ƙauyukan Dukku, ga hazo, ga ƙurar motocin kasuwa. Alamar farko da na yi watsi da ita ita ce tas-tas da salansa ke yi in na saki totur. Ta biyu, inji na zafi har ina ji a ƙaurina. Ban kai ƙarshen sanyi ba sai ga shuɗin hayaƙi, baƙin mai na raguwa kullum, kik ya yi laushi kamar ba komai a ciki. Da muka buɗe, maigidan garejin ya sa yatsa a cikin bututun da ke tsakanin kafireta da inji, ya fito da shi ja wur da ƙasa mai laushi kamar garin lalle. Ya miƙo mini silinda ya ce, "Malam, shafa ka ji." Layi-layi ne daga sama har ƙasa, farce na kamawa. Filogi kuwa fari fat kamar alli.

Abu biyu ne suka haɗu. Ƙura ta wuce matatar ta gauraya da mai ta zama kamar takardar goge katako, tana cin ringi da silinda a kowane bugu. Sannan iska ta yi yawa, fetur bai ƙaru ba, wuta ta yi zafi fiye da kima. Sai da na sayi fistin da ringi da bawul, aka yi borin, kuɗin ya isa sayen tayoyi masu kyau har sau biyu.

Don haka akwatin iskar da kamfani ya sa, bar shi inda yake. Aikinka shi ne kula da abin da ke ciki. In soso ne, wanke shi da kananzir, ka matse a tafin hannu ba tare da murɗawa ba, ka bari ya bushe, ka ɗiga masa baƙin mai ka mutsuka har ya ratsa ko'ina, ka matse rarar. Busasshen soso ba ya kama ƙurar hunturu, man ne ke kamawa. Shafa ɗan giris a bakin da yake zama don kada iska ta bi ta gefe. Da hunturu duk mako nake yi. In na takarda ne, ba a wankewa, ba a sa masa mai, canzawa ake. Duk lokacin da ka buɗe, sa farin ƙyalle ka shafi bayan matatar ta ɓangaren inji. In ya fito da ƙura, akwai inda ke yoyo, nemo shi a ranar.

In ka nace sai ka canza salansa, to dole ka taɓa jet, wato ɗan ramin da fetur ke bi a cikin kafireta. Ƙara babban jet mataki ɗaya kawai, sa sabon filogi, yi tafiya mai ɗan nisa da totur a buɗe, ka kashe ka cire ka duba. Kalar shayi da madara ake nema. Fari na nufin mai ya yi kaɗan, baƙi mai toka ya yi yawa. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Ribar dai 'yar kaɗan ce a injin da bai wuce doki 12 ba.

Sauran ba su da wuya. Sa maƙeri ya yi maka farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, da 'yan ramuka don iska da zubar laka. Ɗaga madigadin gaba in kana shiga fadama. Kariya kada ta zarce bayan taya da yawa, tana karya firem. Shok ɗin baya ƙara masa tauri in kana lodi. Baƙin mai 20W-50 na babur, mai rubutun JASO MA a jikin galan, don na mota yakan sa kuloci santsi, kuma ni a ƙura duk kilomita 1,000 nake juyewa. Takardu da lamba ka gama su kafin ka fara fita gari. A ƙarƙashin kujera kuma kada a rasa filogi ɗaya, da mahaɗin sarƙa, da wayar kuloci, da ƙaramin famfo don mayar da iskar da ka rage in ka hau kwalta.